Ranar da Na Ƙirga Takalma a Lugbe

Ko da zan manta ranar da na fara aiki, ba zan taɓa manta ranar da na ƙirga takalman mutane a Lugbe ba.

Ina sabon ma'aikaci Oga ya tura ni wata unguwa a bakin rafi, in ƙiyasta mutum nawa ambaliya za ta iya shafa. Layin da ya fi jama'a shi za a fara yashe wa magudanar ruwa kafin damina. Ana ganina da biro da takarda aka ce masu rusau sun iso. Duk ƙofar da na buga sai a ce, "Oga, ba kowa a gidan nan," alhali ina jin jariri yana tsala kuka. Kafin azahar labari ya juya, wai shinkafa za a raba. Wani mai ɗaki ɗaya ya rantse mini su talatin ne, ban da baƙi.

Na ce ni za a raina wa hankali? Na daina tambaya, na koma ƙirga takalman bakin ƙofa, ina jin duk Abuja ba mai kaina. A wani gida na rubuta mutum hamsin, ashe mai gwanjo ne ya shanya hajarsa.

Layin ƙarshe, daf da ruwa, ko silifa ɗaya babu. Na yi ta zuba sifili abina. Sai wata tsohuwa da ke tsince wake ta ce, "Ɗana, me ka yar kake ta leƙen ƙasa kamar kaza?"

"Mama, layin nan ba mutane, ko?"

"To ni aljana ce?" Ta nuna sama da baki.

Na ɗaga kai. Innalillahi! Ƙusoshi ne jere a saman tagogi, takalma rataye, manya da ƙanana, har ƙarshen layin.

"Bara ruwa ya kwashe na jikokina kaf," in ji ta. "Wanda ruwa ya taɓa shigar masa ɗaki ba ya barin takalmi a ƙasa."

Kunya ta kama ni, wallahi. Saura ƙiris in tura ma'aikata su ceci takalman gwanjo, in bar ta da jikokinta. Na yaga takardar, na zauna kusa da ita, ta lissafo mini layin gida-gida. Tun ranar, in na ga wuri kamar ba kowa, ba na rubuta sifili sai na ɗaga kai na kuma tambayi mai tsintar wake.