Bahago Bai Mutu Ba

Shekara tara ke nan, a wannan watan, da aka ɗauki Malam daga zauren gidanmu zuwa makwancinsa. Ba na kama sunansa, ko da yana raye ban taɓa kamawa ba. Mutanen Mubi da suka san garejinsa sun fi saninsa da Baban Falmata, tsofaffin abokansa kuwa Mai Bahago suke ce masa. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna. Duk shekara in lokacin ya zagayo, waina nake toyawa in raba wa maƙwabta, in yi addu'ata, in yi shiru. Bana na ce sai na rubuta, saboda abin da ya faru a tsakar gidana sati biyu da suka wuce.

Bahago dai ba mutum ba ne. Inji ne, tsoho, ƙirar Amurka, mai silinda takwas. Duk bakaniken da ya kalle shi zai rantse injin mota ne, kuma bai yi ƙarya ba gaba ɗaya, don asalin ƙirarsa ta mota ce. Sai dai masu ƙira sun sake masa hali, sun ƙara masa ƙarfi, suka mai da shi na jirgin ruwa mai gudu. Ba shi da lagireto. Ruwan da jirgi yake tafiya a kansa shi yake zuƙa ya sanyaya jikinsa, ya feso shi ta salansa, wato bututun hayaƙi. Malam ya samo shi ne a bakin Tafkin Chadi tun yana saurayi, lokacin da yake koyon aiki a can, kafin iyayensa su kwaso kasuwancinsu daga Borno su dawo Mubi. Ya ce mini su biyu ne a jirgin, tagwaye: ɗaya yana juyawa dama, ɗaya hagu, don kada farfela ta riƙa jan jirgin gefe guda. Da ruwa ya janye, jirgin ya zauna a kan yashi, aka yi rububin na daman aka sa a mota. Na hagun ya rage ba mai so, Malam ya ɗauko.

A lokacin shi ma bai san dalilin da ya sa aka bar masa shi ba, kuma bai tambaya ba. Ya kawo shi Mubi, ya shafe wata biyu yana ɗora shi a wata tsohuwar a-kori-kura, har da haɗa masa lagireton aro. Ranar gwaji mutanen gareji suka taru. Ya tayar, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci, mota ta yi baya a guje ta rungumi darbejiyar da masu shayi ke zama a ƙarƙashinta. Motar ta tashi da giya huɗu na baya, ɗaya tak na gaba. Ba wanda ya ji rauni sai tukunyar shayi. Har ya tsufa in ya ba da labarin nan sai ya yi dariya hawaye ya zubo, sannan ya share ido ya ce, “Tun ranar na daina tura abu kafin in tambaye shi ina ya nufa.”

Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai da muka haifi Babagana, ɗanmu na biyu, ya tashi da hannun hagu. Dangi suka sa mu gaba. Wannan ta ce a ɗaure hannun, waccan ta ce a riƙa buga masa muciya. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na so a karya masa halin, don ina tsoron gorin mutane. Malam ya ce a'a. Ya ce yaro ya ci da dama, ya gaisa da dama, ya karɓa ya miƙa da dama kamar yadda addini ya koyar, amma alƙalami da sufana ya riƙe da hannun da Allah ya ajiye masa ƙarfi a ciki. “Ina da inji guda da na tilasta wa bin hanyar da ba tasa ba,” in ji shi, “kin ga abin da ya yi wa mai shayi.”

Daga baya Bahago ya sami aikin da ya dace da shi. Malam yana da amini, Baba Zira, manomi Kirista daga duwatsun Michika, mai gona a bakin rafi a Mayo Bani. Su biyu suka kafa injin a kan katako, suka haɗa shi da babban famfo. Rafin da yake ɗebo wa gona, shi yake sha ya huce. Shekaru da yawa albasa da kabejin wannan gefen ruwan Bahago suka sha, kuma ba gonar Baba Zira kaɗai ba. Duk wanda ya haƙa kwata zuwa gonarsa, ruwa zai je masa. Na taɓa zuwa sau ɗaya da goyon Falmata. Ƙarar ba irin ta janareta ba ce mai sa ciwon kai, wani gurnani ne mai zurfi da mutum ke ji a ƙirjinsa kafin kunnensa.

A shekarar da 'yan bindiga suka shigo muka bar garin nan da ƙafa, mu da maƙwabtanmu Musulmi da Kirista, kowa da abin da ya iya ɗauka a ka, Bahago yana tsakar gida, an dawo da shi don gyara. Da muka komo mun tarar an kwashe abin da za a iya kwashewa, har batir da wayoyin fulogin injin. Shi kansa nauyinsa ya cece shi. Malam ya ce zai tayar da shi in ya ji ƙarfi. Ƙarfin bai dawo ba. A kwanakin jinyarsa ya kira ni wata safiya, ya nuna mini doguwar sufana, ya ce duk tsayuwar wata in ɗiga wa injin baƙin mai, in juya shi da hannu sau uku, ta hagu, don kada ya ƙage. Ya ce kuma duk ranar da za a tayar, a ba shi ruwa tukuna, kamar baƙo. Shekara tara ban tsallake wata ba, ko ina azumi, ko ina zazzaɓi. Maƙwabta sun sha leƙowa su ga tsohuwa ta ɗaura ɗamara tana kokawa da ƙarfe. Ban damu ba. Amana ce.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Malam zai leƙo Mubi ta yau, me zai ce? Zai ga gonakin Mayo Bani da Bahuli cike da faifan sola, famfo yana aiki shiru ba hayaƙi, kuma ɗansa Babagana yana cikin masu kafa su. Na san zai yi murna, don shi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Zai tsuguna ya yi ta tambaya har yaran su gaji da shi. Zai ga tsadar fetur ya riƙe baki, ya yarda cewa injin da ke shan mai kamar Bahago ba na kullum ba ne yanzu. Zamani riga ne. Abin da zai ɓata masa rai shi ne saurin yanke hukunci. Yau abu ya ƙi tashi sau biyu, an ce ya mutu. A cire, a yar, a sayo wani. Ina gudun kada halin ya tsallaka daga kan ƙarfe ya koma kan mutane, in ma bai riga ya tsallaka ba.

Abin da ya kawo mu ga sati biyu da suka wuce ke nan. Babagana yana son gina wa iyalinsa ɗaki a inda injin yake, 'yan gwangwan kuma sun daɗe suna zarya. Su ba ruwansu da Chadi ko Mayo Bani, guduma za su sa su farfasa shi su ɗora a sikeli. Yarona ba mara kunya ba ne. Ya durƙusa ya ce, “Mama, ƙarfe ne fa. Ba ya kai wa Baba lada, ba ya rage masa komai.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce to, a kawo bakanike a gwada. In ya ƙi tashi, na sallama. In ya tashi, guduma ba za ta taɓa shi ba ina numfashi. Ya amince, don ya tabbata ba zai tashi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya zo da wani bakanike daga Kwaja, Iliya, mutum mai natsuwa, wanda aka ce ya san manyan injuna. Na aika wa Baba Zira, ya zo a bayan babur da sandarsa, ya zauna a kujera yana kallon injin kamar an kawo shi gaida mara lafiya. Iliya ya wanke kafireta, ya sa sabbin fulogi da wayoyi, ya haɗa batir. Na ce a cika duro da ruwa a sa masa tiyo tukuna. Iliya ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, ai ba shayi zai sha ba.” Baba Zira ya buga sanda a ƙasa. “Kai, yi abin da an gaya maka. Matan Malam ya san abin da yana faɗa.” Aka sa ruwa.

Aka danna. Injin ya juya, ya yi tari, ya tofo wuta ta kafireta har gashin hannun Iliya ya babbake. Aka sake, haka. Sau biyar. Iliya ya goge hannu ya ce cikin ya lalace, sai haƙuri. Babagana bai dube ni ba. Na koma bakin madafa na ɗauki farantin shinkafar da nake tsincewa, ba don ina ganin tsakuwar ba, don dai kada su ga idona.

Iliya mutumin kirki ne, ya ce bari ya sake duba wayoyin sau ɗaya don hankalina ya kwanta. Yana bi yana ƙirga jerin da silinda ke kama wuta a fili, yadda aka koya masa a kan motoci: “Ɗaya, takwas, huɗu, uku, shida, biyar, bakwai, biyu.” Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Na san lambobin nan. Malam yana da wata waƙar rarrashi da ba ta da kalma ko ɗaya sai ƙirge, da ita ya yi renon yaranmu duka a kafaɗarsa. Na sha yi masa tsiya cewa mutum ya girma bai iya ƙirga ɗaya zuwa takwas a jere ba. Waƙar ce Iliya yake karantowa, amma daga gindi zuwa kai.

Na fito, mayafina a karkace, na ce, “Babagana, rera mini waƙar Babanka.” Ya kalle ni kamar na zautu. Namiji mai 'ya'ya biyu, a gaban baƙi. Na ce, “Rera, na ce.” Ya sunkuyar da kai, a hankali ya fara: “Ɗaya, biyu, bakwai, biyar, shida, uku, huɗu, takwas.” Bai kai ƙarshe ba Iliya ya dafe kai. “Wayyo! Hagu yake juyawa? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?” Baba Zira ya ce, “Ka tambaya? Sunan shi Bahago, kana tsammani sunan ado ne?”

Iliya ya miƙa hannu zai sauya wayoyin, Babagana ya ce ya bari. Shi ya tsuguna, yana rerawa yana cirewa yana mayarwa, ɗaya bayan ɗaya, da hannun nan da aka so a ɗaure masa. Ya yi bisimilla ya danna. Kaji suka watse. Kwanukan da ke kan katanga suka hau rawa, ruwa ya feso ta salansa ya jiƙe wa Baba Zira wando, tsohon yana dariya yana kuka yana cewa, “Shi ne! Muryan shi ne!” Ni kuwa na ji gurnanin nan a ƙirjina, inda na ji shi a Mayo Bani da goyo a bayana. Na ce alhamdulillahi.

Ban ruɗi kaina ba. Na san ƙarfe ba ya ceto, kuma wata rana Bahago zai yi shirun da ba waƙar da za ta tashe shi. Abin da yake isa ga mamaci addu'a ce, da ilimi mai amfani, da sadaka mai gudana. Shi ya sa na yanke shawara, kuma ba na jin zan sauya: injin zai koma bakin rafi. A farkon rani, ranar dashe, lokacin da kowa ke son ruwa da yawa a lokaci guda kuma ƙananan famfunan sola ba sa isa, za a tayar da shi ya cika wa kowa kwatarsa kyauta, ladan ya je wa Malam. Man da zai sha, daga kuɗin wainata zai fito. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a sha ta kullum.

In aka ce me ya rage na Malam bayan shekara tara, ba gareji ba ne, an mai da shi shagon waya. Ba ma injin ba ne. Abin da ya rage shi ne tambayar nan tasa: kafin ka ce abu ya mutu, ko yaro ya lalace, ko maƙwabci ba ya jin magana, ka bincika ta wace fuska yake juyawa.

Babagana zai yi gininsa, wurin ya zama nasa. Jiya da la'asar na ji shi a zaure, jaririyarsa a kafaɗa, yana zagayawa da ita. Ɗaya, biyu, bakwai, biyar. Matarsa ta leƙo ta ce, “Wai kai ba ka iya ƙirge ba ne?” Na ajiye muciya, na ce mata, “Ƙyale shi, 'yata. Daidai yake.”