Umma, Wadda Ba Ta Taɓa Kiran Sunana Ba

Ina tsakar gidanmu a Dangora ina dama kunun kanwar da za a kai wa Umma asibiti, Baba ya shigo ya ce, "Sauke tukunyar nan, Rabi. Allah Ya yi wa Ummanku rasuwa." Kwananta biyar da haihuwa.

Ni ce 'yar fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in ta ji daɗi ta ce "waccan". Idan na yi ƙorafi sai ta ce, "Kunya ce, ba ƙi ba." Amma duk ranar da za ta raba nama, tsokar da ta fi kyau a ƙasan tuwona nake tsintarta.

Ta haura shekara arba'in ta sami cikin nan, shi ya sa a wurin awo aka tura ta Kano gwajin jini don duba lafiyar ɗan tayi. Sakamakon ya fito a birkice. Da aka bincika, jaririyar lafiyarta lau, Umma ce ke ɗauke da ciwon daji. Likitoci suka ce a fara magani nan take, sai dai ba su ɗauki alkawari a kan cikin ba. Ta ce, "Baƙuwa ba ta iso ba, ba zan zuba mata guba a ɗaki ba."

Zan faɗi gaskiya, kishi na yi. Wata shida ina kallonta tana ramewa, tana shafa ciki tana yi masa hira, har da sunayen wasa. Shekara ashirin ina gabanta ban sami ko ɗaya ba. Ran nan na ce, "Umma, mu da muke raye fa?" Ta kawar da kai ta ce, "Ke ai na gama gininki. Ita ce ba ta da kowa sai ke."

Ranar suna Baba ya mayar wa jaririyar sunan Umma. Yanzu ni ma ba zan iya kiran sunanta ba, Ummi nake ce mata. Kishin bai gama fita ba, amma a bayana take barci.

Allah Ya jiƙan Umma, Ya sa jinyarta ta zama kaffara, Ya ba Baba haƙuri. Allah Ya raya Ummi, Ya wanke zuciyata a kanta.