Hannun Inna a Majigi

Warin hayaƙin injin wuta kullum majigi yake tuna mini. Yau da safe maƙwabcinmu ya tayar da nasa, sai ga rediyo yana sanar da rasuwar dattijon nan mai shirya fim. Ana ta ambaton finafinansa da yaran da ya koya wa sana'a. Ni kuwa abu guda na riƙe.

Ni 'yar fari ce, kun kuwa san yadda ake yi a da. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kula ni a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce "ke". A ɗakin Kaka na tashi. Ƙannena suna hawa cinyar Inna, ni ina leƙe daga bakin ƙofa. Kaka takan ce, "Kunya ce, 'yar nan, ba ƙi ba." Yo ina ruwan yaro da kunya? Na ƙudurta a raina Inna ba ta so na.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga zai cinye garinmu mai shirya fim ɗin nan ya zo, yana saurayi, da na'urarsa ta ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Ya ɗauki rijiya, da tsamiyar ƙofar masallaci, da mu muna kwashe kaya. Ni aka ɗora wa tulun Kaka, ina tafe ina haki, gammo yana zamewa.

Bayan girbi ya biyo mu sabon matsuguni, ya kafa farin ƙyalle, ya tayar da injin wuta, ya haska mana majigi. Dattawa suka ga gidajensu da ruwa ya shanye, wasu suna share hawaye. Sai ga ni da tulu, yara suka kwashe da dariya. A bayana kuma ga Inna da nata kayan a ka. Hannunta ɗaya a miƙe yake dab da gindin tulun, ba ta taɓa ba, ba ta janye ba, idonta a kaina, har muka fice daga ƙyallen.

Kaka ta zungure ni. "To, uwar ƙorafi, kin gani?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na yi kuka, na daɗi.

Yanzu kowa da kyamara a aljihu, 'yata ma har a kasuwa take ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa. Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma bai ƙara damuna ba. Mutumin nan bai san ni ba, ban kuma samu na gode masa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Shi ya nuna mini hannun uwata.