Rigar Ya Falmata da Na Warware

Wata Asabar ce cikin tsakiyar sanyi, shekarar da nake aji biyar a firamare, na zauna a bayan rumbun gidanmu a Haɗeja da wata 'yar rigar sanyi ta jarirai a cinyata, littafin lissafina a gefe, guntun fensir a bayan kunne. Inna, mahaifiyata, ta tafi Kaugama gaisuwar rasuwa tun da hantsi, Baba yana fadama wajen ban ruwan alkama, gidan shiru sai kaji da ƙamshin bandar kifi da ke tasowa daga maƙwabta. Na laluba wuyan rigar har na samo inda aka ɗaure bakin zaren, na sa haƙori na tsinke ƙullin, na ja. Zaren ya biyo hannuna, idanun saƙar suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa sai murmushi nake, don a ganina duk unguwar babu yarinya mai hankalina. Rigar ba tamu ba ce, aro aka ba mu.

Kafin a ce mini mahaukaciya, bari in faɗi yadda ake saƙa a gidanmu. A lokacin, duk faɗin garin ban san wani kanti na zaren ulu ba. Akwai dai wani mai tebur a kasuwa da yakan zo da ja da fari da ruwan ƙwai, in sun ƙare kuma sai a jira wata guda. Wasu mata sukan ba direbobin motar kifi sautu zuwa Kano, amma ka ce wa direba kore ya kawo maka shuɗi, in ka yi magana ya ce ai duk zare ne. Saboda haka Inna ta mai da gwanjo kantinta. Duk Lahadi, ranar kasuwa, sai ta aike ni wurin Malam Sale mai gwanjo in zaɓo tsofaffin rigunan sanyi, waɗanda suka huje a gwiwar hannu babu mai so. Mu zo gida mu farke ɗinkin, mu warware su, ni ina ja tana naɗewa a ƙafafun kujera 'yar tsugunno. Zaren yakan fito a nannaɗe kamar taliya, sai ta ɗora shi a madambaci tururi ya miƙar da shi, mu shanya a igiya tare da wanki. Da shi take saƙa hula da safa da rigunan jarirai da matan unguwa ke zuwa nema.

Salon saƙa ma daga gwanjon muke samunsa, don littafin koyon saƙa ko a mafarki ban taɓa gani ba. In riga ta zo da wani ado da Inna ba ta sani ba, sai ta hana ni ja da sauri. A hankali take warwarewa, ido ɗaya ido ɗaya, tana kallon inda zare ya shiga da inda ya fito, leɓenta yana motsi. Kafin rigar ta ƙare, adon ya koma kanta. "Ki bi zaren kawai," haka take ce mini, "shi zai nuna miki ta inda ya bi." Ni kuma da na tashi ina jin wannan, sai na ɗauka duk rigar da ta shigo gidanmu da ado, ƙarshenta ƙafar kujera.

Ni kaina a lokacin na fara jin na isa. A makaranta, in an fita tara, sauran yara suna carafke da 'yar gala-gala, mu 'yan saƙa muna gindin darbejiya da tsinken tsintsiya biyu da zaren buhu, muna saƙa abin da ba hula ba ba jaka ba. Da Baba ya ga na nace, sai ya ciro mini wayoyi biyu daga tsohuwar ƙafar kekensa, ya goge bakinsu a dutse. Tun daga ranar ko korar tsuntsu aka tura ni gonar shinkafa, da su nake tafiya, ina ihu ina saƙa, tsuntsayen suna cin rabonsu.

Mai rigar ita ce Ya Falmata, wata dattijuwa da katanga ɗaya ta raba mu. Iyayenta daga wajen Tafkin Chadi suka zo, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta rabu da ɗan karin Barebari ba. Rigar koriya ce mai duhu, da wani ado a gabanta da ya sauko layi biyu yana harɗewa, wanda matan unguwa suka sa wa suna ƙayar kifi. Mahaifiyarta ce ta saƙa ta, ta rasu ba ta koya wa kowa ba. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarsu cikin sanyi, ita ake sa masa ranar suna, a cire, a ninke, a mayar cikin akwati da ƙullin turare. Inna ta daɗe tana sha'awar adon, ta roƙa aka ba ta na kwana uku, da sharaɗin a mayar da wuri, don Yagana, 'yar Ya Falmata, ta dawo gida haihuwa kuma cikinta ya tsufa. Kwana biyu Inna tana juya rigar tana ƙirga, ta kasa gano ta inda idanun ke tsallake juna. Na ji ta da kunnena tana cewa da gwanjo ce da tuni ta gama da ita. Ni kuwa na ce a raina, ai wannan mai sauƙi ne.

Abu ɗaya na yi na hankali a ranar. Da yake na san kaina ba irin na Inna ba ne, duk layin da na warware sai na rubuta a bayan littafin lissafi. Ido na gaba in yi tsaye, na baya in yi da'ira, inda uku suka tsallake uku in zana 'yar kibiya. Haka na cinye wuyan, na farke kafaɗa, na gangaro gaban rigar har kusan rabi. Sai dai zaren ya tsufa, ya sha wanki da ajiya, yana ta tsinkewa a hannuna, wani wurin ma sai ya marmashe. Ban damu ba, na tara gutsattsarin a zanina.

Bayan la'asar Inna ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba ta ce mini albishir, Yagana ta sauka, namiji. Ni ma na ce ina da nawa albishir ɗin, na miƙa mata littafi da abin da ya rage na rigar. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta yi salati, ta zauna daɓas a bakin turmi. Da duka ta yi da na fi jin daɗi. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa Asabar mai zuwa suna ne, kuma jaririn nan zai zama na farko a zuriyarsu da za a fito da shi babu rigar kakar mahaifiyarsa, saboda ƙarambanina. Na fashe da kuka.

Inna ba ta yarda mu ɓoye ba. Ta kama hannuna har gaban Ya Falmata, a ɗakin da mai jego ke kwance, ta ajiye rigar a tabarma. Tsohuwar ta ɗauka, ta shafa inda adon ya yanke. Ta tambaye ni me ya kai ni. Na ce so nake in san ta inda zaren ya bi. Ta ce to na sani? Na buɗe mata littafin. Ta daɗe tana kallon tsaye da da'irar nan, ita da ba ta yi boko ba, sannan ta ce: "Hajjo, ke kika kwance, ke za ki ɗaura. Kada uwarki ta sa miki hannu." Inna ta buɗe baki za ta ce yarinya ce, tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

Wannan makon ban san daɗin abinci ba. Inna ta turara zaren, ta ƙulla abin da zai ƙullu, ta ba ni ƙarafan saƙarta na kirki, ta zauna kusa da ni hannunta a cinya, tana kallo tana cije leɓe. An ɗauke mini ɗebo ruwa da wanke-wanke. In na dawo makaranta sai bayan rumbu, littafi a buɗe da dutse a kansa, ina bin rubutuna daga ƙasa zuwa sama, tunda abin da na warware a ƙarshe shi zan fara mayarwa. Sau uku ina kuskure harɗin yana karkacewa, sau uku ina sake warwarewa, kuma duk warwara sai zaren ya ƙara raguwa. Ranar Laraba ƙayar kifi ta fito sak, har ta haɗu da ta tsohuwar ba a gane mahaɗa. Amma da na kai kafaɗa zaren ya ƙare ƙaf, ga wuya babu.

Nan neman zare ya tashi. Mai tebur ba shi da kore. Malam Sale, Allah ya jiƙansa, ya buɗe mana dilarsa a zauren gidansa duk da ba ranar kasuwa ba ce, ya zazzage ta a ƙasa muna tonawa, yana tsokanata wai in na gama da rigunan unguwa in zo in warware masa tabarma. Mun sami kore biyu, ɗaya kauri kamar igiya, ɗaya kuma roba ce mai kartar fata, ba a sa wa jariri a wuya. Motar kifi kuwa ko an ba da sautu sai Litinin za ta dawo. Muka komo gida hannu biyu, Inna tana gaba ina biye ina share hanci.

Baba yana tsakar gida yana gyaran fatanya, ya saurari bayanin bai ɗago ba. Yana da wata hular sanyi ruwan toka, ta ulu mai laushi, wadda Inna ta saƙa masa tun suna amare, kuma ita yake sawa kullum da asuba in zai shiga fadama, inda sanyin ruwa ke ratsa ƙashi. Sai ya cire ta daga kansa ya jefo mini a cinya. Inna ta ce, "Malam, sanyin fa?" Ya ce, "Kunnena ya saba, wuyan jariri bai saba ba." Har sanyin shekarar ya wuce, da tsohon tawul yake naɗe kansa, abokan nomansa suna ce masa mai jego.

Ranar Juma'a da yamma na kai rigar, koriya da wuya ruwan toka. Ya Falmata ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta bi adon da yatsa tun daga ƙasa har sama, ta dawo, ta sake bi. Ina tsaye ina jiran ta yi maganar wuyan. Ba ta yi ba. Sai ta ce in rufe littafin, ta miƙo mini wani guntun zare, ta ce in saƙa mata adon a gabanta da ka. Na saƙa. Da ta ga harɗin ya fito, sai hawaye ya zubo mata, ta ce: "Shekara da shekaru ina tsoron ɓera da gara a kan rigar nan. Yau na huta." Washegari aka sa wa yaron rigar, aka raɗa masa suna Modu, kuma duk matar da ta tambayi wuyan sai Ya Falmata ta ce ai sabon yayi ne.

Bayan shekaru, Ya Falmata tana ƙasa, wata damina kogi ya cika ya shigo unguwarmu, ya rushe ɗakinta, akwatin ya tafi da duk abin da ke ciki. Littafin lissafina ma ruwan nan ne ya ci shi. Amma bara da sanyi, da matar Modu ta haihu, Yagana ta zo gidana da furfurarta ta zauna, ba ta ma gama faɗin abin da ya kawo ta ba na ɗauko ƙarafa. Yanzu zare ba wuya, waya nake bugawa Kano in turo hoton kalar da nake so, mota ta kawo, mai Keke Napep ya ajiye mini har ƙofa. Ado kuwa 'yata a waya take kallonsa, ɗari-ɗari, ta koya yau ta manta gobe, kuma ba na ganin laifinta, don ba ta taɓa kwana da fargabar zare zai ƙare ba. Ina godiya da sauƙin, amma nakan yi kewar tururin madambaci da muryar Inna tana ƙirga. Kore mai duhu na sa aka kawo mini, wanda zai isa riga har biyu. Da na kai kafaɗa sai Yagana ta riƙe hannuna, ta ciro wani ɗan ƙullin zare ruwan toka daga jakarta, ta ce ai rigar gidansu haka wuyanta yake.

Baba bai rayu ya ji wannan ba, amma hularsa ta shiga gadon mutane.