Jirgin Tamada na Ranar Lahadi

Tamada Bagunge ne, a tsakiyar kogin Kwara aka haife shi, a wani gungu, wato tsibiri, kudu da Yelwa. Albasa yake nomawa, jirgi kuwa tun bai iya ɗaura wando ba yake tuƙa shi. Rana ɗaya aka yi mana baftisma, shekarar da aka samu 'yancin kai. Ni Mati na iya karatu, na iya ɗaure fuska, sai aka naɗa ni dattijon ikilisiya. Shi waƙa kawai ya iya, ita ma ba daɗi.

Da aka datse kogi a Kainji, ruwa ya haɗiye gungunmu, da gonaki da coci da kaburbura. Aka mai da mu sabon gari a tudu, wajen Wara. Mu dattawa muka duƙufa a kan babban aikin bishara, wato gardamar inda ƙofar sabuwar coci za ta kalla. Har damina ta wuce muna kai.

Ana cikin haka Tamada ya daina zuwa sujadar safe. Muka ji wai kowace Lahadi, ranar da ba ya gona, yana ɗibar tsofaffi a jirgi, Musulmi da masu bin gargajiya da namu, ya kai su tsakiyar tafki, saitin inda aka binne mutanensu. Dattawa suka ce in bai bari ba za a sa shi horo, a hana shi cin gurasar Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya. Ni aka aika in dawo da shi, don ni ne mai baki.

Na same shi bakin ruwa yana kama wa wata tsohuwa Musulma, Halimatu, ta shiga jirgi.

"Shigo, Dattijo," in ji shi, "ka yi man hwaɗan bisa hanya."

A duk Gungawa ni kaɗai Allah ya yi wa tsoron ruwa, kuma Tamada ya sani. Na shiga da farar rigata, na ƙanƙame gefen jirgi, na fara wa'azi. Na jawo aya a kan masu fasa taruwa. Igiyar ruwa ta daki jirgi, sauran ayar ta gudu.

Can da nisa ya tsaya. Halimatu ta ɗaga hannu ta yi wa mijinta addu'a, Tamada ya cire hula. Da ta shafa sai ta ce masa, "Ɗan nan, kai ma sa mashi baki." Ya yi tasa 'yar gajeruwa, ta saurara har ƙarshe. Matar nan na sha gayyatarta coci, ko kallon ƙofar da muka sha wahala a kanta ba ta taɓa yi ba.

Ya ƙara tuƙi kaɗan, ya sake tsayawa.

"Dattijo, ga Inna nan."

Tun da ruwa ya zo ban taɓa ambatar kabarin uwata ga kowa ba. Ni da nake koya wa mutane tashin matattu, kunya nake ji a san abin yana cina a rai.

"Ka tabbata nan ne?"

"Wa ka iya tabbatawa? Ruwa dud ɗaya na. Kusa dai muke. Wanda yas san wurin shina jin mu."

Na yi kuka, irin mai majina, a gaban Halimatu. Tamada ya ta da waƙarsa mara daɗi, na kama masa amshi.

Da yamma na gaya wa dattawa cewa mutumin yana da taurin kai, sai na sake komawa. Na koma Lahadin gaba, da wadda ta biyo ta. Da suka gane, suka sa mu horo mu biyu.

Daga baya wani fasto ya ɗage horon, amma mun riga mun saba da bencin baya. Sujadar yamma muke zuwa, wandunanmu a jiƙe. Har Tamada ya rasu ina cikin jirginsa kowace Lahadi ina lallashinsa ya dawo coci, da ƙwarya a hannuna ina kwarfe masa ruwa.