Jirgin Kwano da Hannun Ishaya

Wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, ina aji biyar na firamare, yayana Ishaya ya danne ni a bakin Ramin Titi ya cusa mini laka a baki. Gwiwarsa na kan ƙirjina, hannunsa na dama ya shaƙe mini wuya, ni kuwa na samu kunnensa na kafa haƙora, ban saki ba sai da na ji ɗanɗanon jini. Yara sun zagaye mu suna ihu, babu mai niyyar rabawa, don a unguwarmu ba a raba faɗan 'yan gida ɗaya sai an ga wanda ya fara kuka. Abin da ya haɗa mu kuwa, in na faɗa yanzu sai a yi dariya: irin jirgin da za mu shiga tsere da shi.

Ramin Titi wani ƙaton rami ne a hanyar Dabai, inda masu aikin hanya suka ɗebi jar ƙasa suka tafi abinsu. Da damina sai ya cika ya batse, ya zama tafki, tsakiyarsa ya fi ƙarfin tsayin babban mutum. Nan muke ɓacewa idan mun gama noman dawa da safe, mun yanko wa awaki ciyawa, mun cika randunan Mama. A gefen ramin akwai gonar wani tsohon soja da muke kira Baba Kofur, mutum ne gajere mai amon murya, wanda ya taɓa zama a bariki a Legas kusa da ruwa. Shi ya ba mu labarin ƙananan jirage masu tafiya da iska, na mutum biyu-biyu, da ya ga ana tsere da su a can, kowane iri da nasa hali. Da ya ga mun dame shi da tambaya, sai ya koya mana ɗinke buhunan taki mu ɗaura a jikin gwangwala su kama iska. Tuta muke ce wa wannan buhu. Daga nan ya sa mana tsere duk ƙarshen damina, mutum biyu a kowane jirgi, ɗaya a baya da igiyar tuta da allon tuƙi, ɗaya a gefe yana danne jirgin da nauyinsa kada iska ta kifar da shi.

Jiragenmu iri biyu ne. Akwai mai jarka: jarkokin mai guda shida a ɗaure da gwangwala, faffaɗa, ga nawar tafiya kamar tsohon jaki, amma ko aljani ne a kai ba ya kifewa. Akwai kuma na kwano: tsohon kwanon rufi a lanƙwashe, a matse bakinsa gaba da baya, a toshe hujojin ƙusa da kwalta. Siriri ne, gudu gare shi ba kaɗan ba, amma ko atishawa ka yi ba daidai ba sai ya juye da kai. Baba Kofur yakan ce, “Ku fara duba abokin tafiyarku kafin ku dubi jirgi. Na kwano na masu nauyi ɗaya ne.” To, ni da Ishaya ba nauyinmu ɗaya ba. Shekarunsa sha shida, ƙato ne, ƙirji a buɗe, ni kuwa sha ɗaya, iska mai ƙarfi ma sai ta ɗauke ni.

A shekarar nan Baba Kofur ya ce wanda ya ci tsere zai ba shi tsohuwar hularsa ta soja. Wayyo, Ishaya da hular nan! Tun yana ƙarami ba shi da wata magana sai soja. Kakanmu soja ne, Babanmu soja ne har ya yi ritaya, kuma kowa a gidan ya san Ishaya ne zai ɗora. Kullum da asuba sai ya yi gudu ya hau dutsen bayan gari ya sauko. Babanmu ya hana shi dambe, ya hana shi sara da gatari idan ya gaji, yana nanata masa, “Ka kula da idonka da yatsunka. Ranar ɗaukar soja su ake fara dubawa.” Duk da son hular, Ishaya jirgi mai jarka ya zaɓa. Ya ce iskar ƙarshen damina mahaukaciya ce, na kwano duk za su kife, mu kuma mu isa a hankali. Gaskiya ya faɗa. Amma ni Tanko ne ya tsaya mini a rai, wani ɗan ajinmu mai bakin tsiya daga ƙetaren kasuwa, wanda ke kiran mai jarka jirgin tsofaffi. Da Ishaya ya gama lakaɗa mini duka a ranar nan, na miƙe ina tofar da laka, na ce masa a gaban kowa, “Matsoraci! A haka za ka yi sojan?” Ya tsaya yana kallona, jini na bin wuyansa. Ya juya ya tafi gida. Washegari bayan an taso daga coci, shi da kansa ya ciro tsohon kwano daga bayan akurkin kaji.

Sati uku muka yi muna aikinsa. Muka bubbuge shi da dutse, muka narka kwalta a gwangwanin tumatir har ta ƙona mini ƙafa. Doka ɗaya ce Baba Kofur ba ya wasa da ita: dole a naɗe bakin kwano da robar tsohuwar tayar babur, a ɗinke da waya, don bakin kwano yanka yake kamar aska. Ran Alhamis ya bi jirage ɗaya bayan ɗaya yana shafa bakinsu da hannu, ya ce namu ya yi. Ran Juma'a da rana, an aike ni kiwon awaki, sai na zarce inda muke ɓoye jirgin a cikin ciyawa. A wautata, robar nan nauyi take ƙara mana, ga Ishaya da nasa nauyin. Na warware wayar, na ɓare robar kaf, na shafe bakin da kwalta ya yi baƙi, yadda daga nesa ba mai ganewa. Har murna nake yi da dabarata, wallahi har da ɗan fito a hanyar gida.

Ranar tsere jirage bakwai suka jeru. Hadari ya haɗu ta gabas, iska na kaɗa dawa tana kwantawa. Da muka fita daga gaɓa muka shiga tsakiya, sai abin ya zama yaƙi. Namu da na Tanko ne a gaba, gefe da gefe, kwano na gugar kwano yana ƙara. Abokin Tanko ya zaro gwangwala ya maka wa Ishaya a gadon baya, ya sake maka masa a kafaɗa, Ishaya bai saki jirgi ba, sai da ƙafa ya tokare nasu. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na saki igiyar tuta, na ɗaga allon tuƙi na sauke wa Tanko a goshi. Na ga fatar ta buɗe, jini ya rufe masa ido. A daidai lokacin iska ta bugi tutar da na saki, jirgin ya tashi ta gefe ɗaya, sai ga ni cikin ruwa, a wurin da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ni da iyona bai wuce na bakin gaɓa ba. Na sha ruwa, na nutse, na taso, na sake nutsewa. Sai na ji an damƙi rigata. Ishaya ne da hannun hagu. Hannunsa na dama yana riƙe da bakin kwano, nauyina da nasa duka a kai, jirgin kuma yana zamewa a cikin tafin hannunsa. Bai saki ba. Ban ji ya yi ihu ba, ruwan dai na ga ya sauya launi.

Da aka jawo mu gaɓa, wani mai babur ne ya kai shi asibiti, hannun a naɗe da rigar Baba Kofur. Manuniya da ɗan yatsan tsakiya ba su dawo gida tare da shi ba. Da aka sallamo shi, Babanmu ya tara mu a tsakar gida, bel ɗinsa na soja a naɗe a hannu, idonsa jawur. Ya riga ya je ya ga jirgin, ya sassare shi da gatari, ya bi sauran ma ya farfasa. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya cire robar? Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Na san Baba, in ya fara da ni a wannan hali, sai dai maƙwabta su ƙwace ni. Sai na ji muryar Ishaya: “Ni ne, Baba.” Baba ya ɗauke shi da mari har ya faɗi kan turmi, ya ɗaga bel ɗin ya zuba masa sau uku, Mama ta faɗa a kansa tana kururuwa. A na huɗu hannun Baba ya tsaya a sama, yana kallon farin bandejin nan. Ya jefar da bel ɗin, ya shiga ɗaki. Ranar na fara jin kukan Babana, kuma ina tsaye a jikin rumbu ban ce uffan ba.

Baba Kofur ya kawo wa Ishaya hular har gida da kansa, Ishaya ya yi godiya ya ce a mayar. Tsere kuma ba a sake yi ba. Bayan shekara uku, da ake ɗaukar soja, Ishaya ya je duk da haka. Ya fi kowa gudu. Da aka ce kowa ya miƙo hannuwansa, mai dubawa bai ko yi masa magana ba, da sanda ya nuna masa ƙofa.

Yanzu an cike Ramin Titi, gidaje ne a wurin har da shagon cajin waya, yaran unguwa ba su ma san an taɓa yin ruwa a nan ba. Ishaya yana Dabai yana noma, yana riƙe fartanya da yatsu uku, kuma har gobe in muka jera a gona ban taɓa kamo shi a kunya ɗaya ba. Bara da na je gida, muna zaune a gindin ɗorawa muna ɓare gyaɗa, na tattaro ƙarfin hali na ce, “Yaya, robar nan, ni na cire.” Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Na sani. Tun da na dafa bakin jirgin na ji, kafin a busa usur. Na ga yadda kake murna ne, na kasa cewa mu sauka.” Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa.

Mutumin da na kira matsoraci ke nan.