Murhun da Na Kai wa Gwaggo

Mu uku ne muke digiri na biyu a sashen injiniya a Aliero shekarar nan, kuma dukanmu zafi muke bi. Ɗaya yana neman hanyar korarsa daga rumbun albasa don kada ta ruɓe. Ɗaya tana tara na rana don busar da tattasai. Ni kuwa murhu na gina, da yumɓu da ɓuntun shinkafa, wanda zai tsare zafi a gindin tukunya maimakon ya watse a tsakar gida. A ɗakin gwaji ya yi abin kirki, da 'yan ƙirare yake tafasa ruwa. Na tafasa ruwa a shekarar nan har na fara jin nauyinsa.

Malamin da ke duba aikina Kirista ne mutumin Filato, ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Ya ce tafasa ruwa ba girki ba ne. In kai murhun gidan da ake tuƙa tuwo, in riƙa auna icen da yake ci har mako shida. In ba a ga ragi ba, ba zai sa hannu a kundina ba, sai in jira baɗi.

Na zaɓi Gwaggo, yayar mahaifina, da ke Liba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, ita kaɗai ce a gida. A wurina wannan alheri ne: tukunya ɗaya, baki ɗaya, babu mai dagula min awo. Na sayi tsohon sikeli a kasuwar Jega, na ɗaure shi tare da murhun a bayan mashin.

Gwaggo ta zagaya murhun sau biyu. Ta ce, "Wanga abu turmi na ko tukunya?" Na yi mata bayani. Ta ce, "To, in dai karatu na, aje shi can."

Makon farko na auna icen tsohon murhunta na duwatsu uku, sannan ta koma kan nawa. Duk Asabar in zo in auna abin da zan bar mata da abin da ya rage. Mako uku a jere murhuna yana cin ice daidai da na duwatsu, har da ɗoriya. Na zargi sikeli, na zargi ɗanyen ice, na bi murhun da yatsa ina neman tsaga. Hankalina ya tashi sosai, don mako biyu kawai ya rage. Malamina ya duba takardun awon ya ce, "Kai da ka iya auna ice, ka taɓa zama ka ga yadda aka ƙona shi?"

Sai na je na kwana. Da safe Gwaggo ta dama koko ta sauke, na ɗauka an gama. Sai na ga ta jawo ice biyu ta tura. Ban kai ga tambaya ba wata tsohuwa, maƙwabciyarta, ta yi sallama da marfin kwano a hannu. Ta zauna a kan turmi, suka gaisa, suka bi ciwon ƙafa, suka bi wadda ta haihu da wadda ta yi yaji, sannan ta ɗebi garwashi a marfin ta tafi. Bayanta wasu biyu suka zo. Ashe labari ya bazu cewa sabon murhun Gwaggo yana riƙe garwashi har hantsi, ita kuma ba za ta yarda a zo ɗibar wuta a tarar da toka ba. Rabin unguwar da icen bincikena take girki.

Na ce, "Gwaggo, ba su da ashana ne?"

Ta ce, "Suna da ita man. Ashana tana gaida mutum?"

Na roƙe ta ta daina ba kowa wuta na mako biyu kacal. Ta juyo ta kalle ni.

"In hana ma mutum wuta? Ni da tsohuwag ga tun muna amare muka ɗibar wutaj juna."

Na gaya mata batun sa hannu, da shekarar da zan yi asara. Ta ce, "To. Ɗan ƙanena ba ya rasa shekara don garwashi."

Washegari ina cikin ɗaki na ji sallamar tsohuwar. Na ji Gwaggo ta ce, "Yau babu wuta." Hayaƙi kuwa yana tashi a gabansu, tukunya tana tafasa. Tsohuwar ta ɗan tsaya, ta ce, "To, Allah shi ba mu alheri." Ban fito ba, na tsaya ina gyara igiyar sikeli.

Awon makonni biyun nan ya fito tsaf, malamina ya sa hannu. Ranar kare kundi, baƙon malamin da ya zo jarraba mu ya tambaye ni yadda na yi da zafin da ke zurarewa ta gefe. Na ce na toshe shi. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Da takardar shaidar digirin ta fito na tafi Liba da turmin atamfa. Na tarar da Gwaggo ita kaɗai a gindin murhun. Na ce yanzu kam ta ba kowa wuta, an gama. Ta ce sauran sun dawo tuni. Na tambaye ta labarin tsohuwar, na ce ni zan je in ba ta haƙuri, tunda laifina ne.

"Bari," in ji ta. "Ni da kaina nit tahi, da garwashi cikin kasko, hab bakin ɗakinta. Tac ce in maido, ta riga ta hura."

Kunya ta rufe ni. Gwaggo ta goge hannuwanta a zane.

"Takardar ta hito dai ko?"

Na ce ta fito.

"To, miƙo in riƙa."